Haƙorin da aka cire wa jijiya aka bar shi babu hula: nazarin lamarin wani ɗan kasuwar Mile 12

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne mai shekara 46. Yana saro albasa daga Arewa ya sauke ta a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yana kuma zaune da iyalinsa a yankin Ketu. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma wuraren da aka yi masa aiki. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga ko hawan jini. Shayi mai siga da madara kuwa yana shan sa safe da rana da dare a teburin mai shayi, goro ba ya rabuwa da aljihunsa, kuma idan ya ci nama sai ya tauna ƙashin ya tsotse ɓargo. Yana yin asuwaki kusan a kowace alwala, amma buroshi da man goge baki sai ranar da ya tuna.

Haƙorin da ake magana a kai shi ne babban haƙorin tauna na farko a ƙasa, ɓangaren hagu, wato na shida idan aka ƙirgo daga tsakiyar baki. Wannan haƙori yakan fito tun yaro yana wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukar sa a matsayin wanda zai famfare, sai su ƙyale shi ko da ya fara kogo. Ya riga sauran manyan haƙoran tauna fitowa, kuma a kansa mafi yawan nauyin tauna yake sauka. Yawanci saiwa biyu gare shi, da ƙananan kafofi uku ko huɗu a cikin saiwoyin, inda jijiya da hanyoyin jini suke bi.

A 2016 an yi wa wannan haƙori cikon ƙarfe mai launin toka a garinsu. Cikon babba ne, ya mamaye tsakiyar haƙorin da gefen da ke jingine da haƙorin baya. Ya yi shekara shida bai dame shi ba.

Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023: ciwo da maganin gida

Alamar farko ita ce tsami idan ya sha ruwan sanyi, da abinci da ke maƙalewa a gefen cikon. Ya fara cusa kanumfari a wurin, ya samu sauƙi na 'yan sa'o'i. Kanumfari yana da wani mai da ke dusar da zafi na gaske, likitocin haƙori ma suna amfani da shi a cikin wasu cikon wucin gadi, sai dai ba ya hana kogo ci gaba da ci. Daga nan ya koma maganin ɗigawa na kyamis, wanda ya sale masa dasashi har wurin ya yi fari.

A Fabrairu 2023 wani ɓangare na cikon ya ɓalle. Lokacin ne aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, ciniki ya tsaya a kasuwa, kuma ɗan abin da ya shigo hannu ba a kai shi asibiti. Ya toshe ramin da auduga ya ci gaba da harkarsa.

Azumin wannan shekara ya kama a ranar 23 ga Maris. A mako na biyu ciwon ya sauya kama: ya daina jiran ruwan sanyi, ya koma zuwa da kansa, yana bugawa kamar bugun zuciya, ya fi tsanani idan ya kwanta bayan tarawihi. Ya sayi ƙwayoyin kashe zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kyamis, yana sha da buɗa baki da sahur. Bayan kwana huɗu ciwon ya ɗauke ɗif, ya ɗauka ya warke. Abin da ya faru a zahiri shi ne jijiyar ta mutu. Makonni uku bayan haka kuncinsa ya kumbura, ya kasa haɗa haƙoransa a wannan ɓangare.

Mayu 2023: aikin jijiya

Ya je wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Hoton haƙorin ya nuna ruɓa a ƙarƙashin tsohon cikon ta kai ga ɗakin jijiya, da ɗan duhu a ƙarshen saiwar baya, alamar cutar ta fita daga haƙorin ta shiga ƙashi. An ba shi zaɓi biyu, a cire haƙorin ko a yi masa aikin jijiya. Ya zaɓi na biyu domin mahaifinsa ya rasa haƙoran tauna tun da sauran ƙarfinsa, ya ga yadda nama ya gagare shi.

An yi aikin a zama uku. An huda haƙorin ta sama, aka kwashe matacciyar jijiyar, aka faɗaɗa kafofi uku da wasu siraran allurai masu kaifi, aka wanke su da magani, sannan aka cike su da wani abu mai kama da roba wanda ake samu daga ƙaron wata bishiya. Saman kuma aka rufe shi da farin ciko. Kumburin ya sace, ciwo ya tafi.

A zama na ƙarshe likitan ya ce ya dawo cikin 'yan makonni a sa wa haƙorin hula. Da Turancin buroka aka yi maganar, a tsaye, ana rubuta masa rasit. Abin da ya fahimta shi ne za a lulluɓe haƙorin da ƙarfe ko tangaran, kuma kuɗin ya kusa kai na aikin da ya gama biya. Lulluɓin haƙori ɗaya da ya sani shi ne haƙorin Makka, wanda alhazai ke sawa a gaba don ado da shaidar an sauke farali. Sai ya ga babu dalilin ƙawata haƙorin da ke can ƙuryar baki, wanda ba ya ciwo. A ranar 29 ga wannan wata aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin motar dakon albasa ya tashi, maganar hula ta bi ruwa.

Oktoba 2023: karyewa

Wata biyar haƙorin yana aiki kamar lafiyayye. Wata ranar Juma'a yana cin shinkafa da wake ya taka tsakuwa, ya ji ƙas. Bangon haƙorin na ɓangaren harshe ya tsage ya fita gaba ɗaya, har kusa da dasashi. Bai ji zafi ba ko kaɗan, tun da babu jijiya, sai kaifin wurin da ke yankar masa harshe. Rabin farin cikon ya bi guntun ya fita, bakin kafofin da aka cike ya zauna a buɗe cikin yawu.

Nuwamba 2023 zuwa Maris 2024: hular shago

Wani abokin cinikinsa ya kai shi wurin wani mutum mai ɗan shago da ke sa wa mutane haƙoran roba da na ado. Mutumin bai ɗauki hoto ba, bai kankare ruɓa ba, bai auna haƙorin ba. Ya fito da kwali mai ɗauke da hulunan ƙarfe da aka riga aka ƙera, ya gwada uku, ya zaɓi wadda ta shiga, ya matse bakinta da filaya, ya cika ta da siminti ya danna. Duka aikin bai kai rabin sa'a ba, kuɗin kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na asibiti.

Irin waɗannan huluna suna da amfaninsu a hannun likita. An yi su ne musamman domin haƙoran nono na yara, waɗanda za su faɗi bayan 'yan shekaru, ko a matsayin rufin wucin gadi. Ba a ƙera su a kan siffar haƙorin mutum ɗaya ba.

Tun daren farko ya lura hular ta fi sauran haƙora tudu, ita ke fara haɗuwa idan ya rufe baki, har muƙamuƙinsa ya riƙa yin tsami da safe. Cikin wata guda dasashin da ke kewaye ya yi ja, yana jini idan asuwaki ya taɓa shi. Uwargidansa ce ta fara gaya masa cewa bakinsa ya sauya wari. A Janairu 2024 hular ta fita a cikin lomar tuwo, mai shagon ya sake manna ta ba tare da ya wanke abin da ya taru a ƙarƙashi ba. Zuwa Maris wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi daidai saitin saiwar, yana fashewa ya fitar da mugunya, ya sace, ya sake cika.

Afrilu 2024: cikakken bincike

Bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi a ranar 10 ga Afrilu, ƙaninsa ya matsa masa suka je sashen haƙori na wani asibitin gwamnati. Legas ba ta rasa irin waɗannan wurare ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, maƙwabcin tsohuwar unguwar Hausawa, yana da sashen haƙori, haka ma asibitin koyarwa na jami'ar jihar da ke Ikeja da manyan asibitocin jiha da dama. Sai dai a can sai an yi haƙurin bin layi da yawan komawa.

An cire hular. A ƙarƙashinta an tarar da ragowar abinci da sabuwar ruɓa mai laushi. Hoto ya nuna duhun ƙarshen saiwar baya ya ƙaru fiye da na bara. Likitar ta zagaya haƙorin da ɗan ƙarfen awo tana neman rami mai zurfi a dasashi, wanda shi ne alamar tsagewar da ta gangara cikin saiwa. Ba ta samu ba. Wannan shi ne ya raba gardama, domin haƙorin da saiwarsa ta tsage a tsaye ba ya gyaruwa, sai cirewa. Bayan an kankare ruɓar, bango uku suka rage da ƙarfinsu, na ɓangaren harshe kuwa bai kai milimita ɗaya a saman dasashi ba.

A wannan karon an samu wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya, haifaffiyar Agege, ta zauna ta yi masa bayani da Hausa. Ta ce masa, "Alhaji, ka san turmin da ya fara tsagewa, yadda ake ɗaure shi da zoben ƙarfe don kada taɓarya ta raba shi biyu? To aikin hular ke nan. An rarake cikin haƙorinka, bangayen sun zama sirara, kowace tauna tana buɗa su waje. Hular ce za ta riƙe su wuri ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, da haka aka faɗa mini bara, da ko bashi ne na ci."

An jera masa hanyoyin da ke gabansa. Za a iya cire haƙorin a bar gurbin, amma na bayansa zai karkato, na sama kuma ya zazzago cikin gurbin a hankali. Za a iya cirewa a yi gada, wanda ke nufin sassaƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe don su ɗauki na tsakiya. Akwai dashen ƙarfe a cikin ƙashi, wanda ya fi duka tsada. Ko kuma a sake aikin jijiyar daga farko, a gina haƙorin, a sa masa hular da aka ƙera dominsa. An gaya masa a fili cewa aikin jijiya na biyu bai kai na farko tabbas ba. Ya zaɓi a gwada ceto haƙorin.

Mayu zuwa Yuli 2024: gyaran tushe

Ba a fara da hula ba. An fara da wankin haƙora gaba ɗaya, aka kankare dattin da ya daskare da jan goro, aka koya masa goge baki sau biyu a rana da man da ke da sinadarin fulorayid.

Sannan aka koma cikin saiwoyin. An keɓe haƙorin da wata shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga, aka zare tsohon cikon kafofin, kuma a nan aka gano kafa ta huɗu a saiwar baya wadda ba a taɓa ta ba a aikin farko. An wanke duka huɗun, aka zuba maganin kalsiyam aka rufe na mako biyu. Da ya dawo ƙurjin ya bushe, ba tare da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ɗaya ba. Aka cike kafofin, aka gina tsakiyar haƙorin da farin ciko mai ƙarfi.

Saura matsalar bangon da ya karye. Hula tana buƙatar ta kama lafiyayyen haƙori na asali, tsayin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a duk kewayenta. Idan bakinta ya zauna a kan ciko kaɗai, ita da cikon za su iya fita tare. Don haka aka yi masa ɗan ƙaramin aiki a dasashin ɓangaren harshe, aka sassauke shi tare da ɗan gefen ƙashi har haƙorin ya ƙara bayyana. An sa masa hular roba ta wucin gadi, aka jira mako shida wurin ya warke ya tsaya inda zai tsaya.

Agusta zuwa Satumba 2024: hular

Aka zo zaɓen abin da za a ƙera hular da shi. Akwai ta ƙarfe zalla, akwai ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran mai launin haƙori, akwai kuma zakoniya, wadda fara ce mai tsananin ƙarfi amma ta fi tsada. Mai lulluɓin tangaran tana buƙatar a sassaƙe wajen milimita biyu daga saman haƙorin don a samu wurin ƙarfe da tangaran, kuma tangaran ɗin yakan ɓantare a bakin mai tauna abu mai tauri. Ta ƙarfe zalla ba ta buƙatar sassaƙa mai yawa haka, ba ta ɓantarewa, kuma ba ta cinye haƙorin da ke karo da ita. Aibinta ɗaya shi ne launi. Da yake haƙorin gajere ne, a baya yake, mai shi kuma matauni ne, likitar ta ba da shawarar ƙarfe zalla. Ya tambaya ko zinariya ce, saboda hukuncinta ga namiji. Aka ce masa haɗin kobal da kuromiyam ne, hankalinsa ya kwanta.

An sassaƙe haƙorin, aka ɗauki siffarsa da wani abu mai kama da ƙullu da ke daskarewa a baki, aka aika wa masu ƙira. Bayan mako biyu hular ta iso. Da aka gwada, bakinta ya zauna daidai, amma tsakaninta da haƙorin gaba akwai ɗan sarari da zaren sakace ke wucewa ba tare da ya tsaya ba. Likitar ta ƙi manna ta, ta mayar, domin wannan sarari nan abinci zai riƙa cushewa. Hakan ya ƙara masa kwana goma da kuma wata doguwar tafiya a cikin cunkoson titin Ikorodu, kuma bai ji daɗi ba. Ta biyun ta zauna. An sa shi ya ciji wata siririyar takarda mai launi don a ga inda ta yi tudu, aka goge wurin, aka manna ta da siminti, aka share duk abin da ya fito ta gefe.

Maris da Satumba 2025: bibiya

A wata na shida dasashin ya koma launinsa, ba ya jini, warin ya tafi, yana tauna ta ɓangarorin biyu. A wata na goma sha biyu hoto ya nuna duhun ƙarshen saiwar ya kusa ɓacewa, ƙashi ya cike wurin. Bakin hular a rufe yake, babu sabuwar ruɓa. Ya daina fasa ƙashi da haƙori, shayin ya koma sau ɗaya a rana da rabin sigan da. Goro dai yana nan.

Abin da lamarin ya nuna

Aikin jijiya na farko ya kawar da ciwo, amma an bar shi rabi. Haƙorin tauna da aka rarake ya rasa rufinsa da wani ɓangare na bangonsa, ya kuma rasa wani kaso na jin da ke sa mutum ya sassauta cizo idan ya taka abu mai tauri. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya gano cewa haƙoran da aka yi wa aikin jijiya ba a sa musu hula ba sun ninka waɗanda aka sa wa wajen sau shida a saurin salwanta. Karyewar Oktoba abu ne da ake iya hangowa tun Mayu, tsakuwar ta zo ne kawai ta tarar da bango siriri.

A ganina babban giɓin yana cikin waccan magana ta tsaye a bakin teburin rasit. Likitan ya faɗi abin da ya kamata, amma bai tabbatar an fahimce shi ba, kuma ya kawo maganar hula a ƙarshe, bayan mutum ya gama zazzage aljihunsa. Ya kamata tun ranar farko a haɗa kuɗin aikin jijiya da na hula a faɗa masa a dunƙule, domin ya san abin da ya shiga, ko ya nemi a raba masa biyan. Bahaushen da ke kasuwanci a Legas yakan iya burokan ciniki, amma wannan bai isa a yi masa bayanin abin da ke cikin saiwar haƙori ba, kuma kunya takan hana babban mutum cewa bai gane ba. Zuwa da wanda zai yi tafinta ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan wuri.

Hular shago ta gaza ne saboda dalilai uku da ke haɗe da juna: an ɗora ta a kan ruɓa, bakinta bai rufe ba, kuma ta yi tudu. Ta ɓoye cutar daga ido da asuwaki, ta bar wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ba za a iya tantance ko ƙurjin ya samo asali daga kafar da aka tsallake ba ne ko daga watannin da cikon saiwa ya yi a cikin yawu, domin kowanne ya isa ya jawo shi. Araha ba ta ado, amma ba na ganin laifin mutumin da ya nemi sauƙi a shekarar da komai ya yi tsada. Abin da ya kamata a sani shi ne aikin cikin baki na likitan haƙori ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Nijeriya, masu ƙira kuma aikinsu ƙera abin da likita ya auna ya aika musu.

Abin da ya yi aiki shi ne bin tsari: a kashe cutar, a tabbatar saiwa ba ta tsage ba, a samar wa hular lafiyayyen haƙorin da za ta kama, sannan a ƙera ta a kan siffarsa, a kuma ƙi karɓar ta idan ba ta zauna ba. Hular da ta dace da shi ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun. Duk da haka haƙorin bai koma sabo ba. Ya rasa bango ɗaya da ɗan ƙashi waɗanda da an sa hula a Yunin 2023 da suna nan, kuma ya biya kuɗin aikin jijiya sau biyu. Hula takan yi shekara goma ko fiye idan ana kula da ita, kuma inda take fara lalacewa shi ne bakinta, wurin da ƙarfe ya haɗu da haƙori, domin nan ruɓa ke iya sake kamawa.

A dubawar da aka yi masa a Satumba 2025 an ga irin wannan babban cikon ƙarfe a haƙorin tauna na sama, ɓangaren dama, da siririyar tsaga a bangonsa ɗaya. Jijiyarsa tana da rai, ba ya ciwo. An ba shi ranar da za a cire tsohon cikon a duba zurfin tsagar, kuma ya riga ya fara ajiye kuɗin hular.